Wasiƙa Daga Norwe: Kwana Uku a Kan Dusar Ƙanƙara

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara. Yaya zafi? Na san bazara ta kama ku sosai a Kano, ni kuwa ina rubuto maka ne da yatsun da ba su gama wartsakewa daga sanyi ba.

Hutun Ista da ya wuce na bi wasu abokan karatu biyu 'yan ƙasar nan zuwa tudun Hardangervidda. Daga Bergen muka hau jirgin ƙasa muka sauka a Finse, tashar da ta fi kowace tsayi a layin, mita 1,222 sama da teku. Mota ba ta zuwa garin. Kana sauka daga jirgi sai ka ɗaura siki, wato wasu dogayen katakai sirara guda biyu da ake maƙala wa takalmi ta wajen yatsu, diddige kuwa a sake. Ka riƙe sanda a kowane hannu, kana turawa kana zamewa. Wajen hawan tudu akan manna wata fata mai gashi a ƙarƙashinsu don kada ka koma da baya.

Ranar farko mun yi sama da kilomita 20 zuwa masaukin Krækkja. Babu bishiya, babu gida, fari fat ko'ina. Hanyar kanta rassan itace ne da aka kakkafa a jere cikin ƙanƙara, kana barin wannan kana hango na gaba. Da iska ta taso bayan azahar, sai ya zama reshe ɗaya kawai nake iya gani. Na tuna hazon hunturu a hanyar Daura, sai dai wannan yana yankan fuska.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bukkar da muka kwana a dare na biyu, Kjeldebu. Ƙungiyar DNT, wato ƙungiyar masu yawon duwatsu ta Norwe, wadda aka kafa a 1868, tana da irin waɗannan masaukai fiye da 500 a faɗin ƙasar, da yawansu ba mai gadi, kuma mabuɗi iri ɗaya ke buɗe su, wanda 'yan ƙungiya ke yawo da shi. Muka shiga muka tarar da itace a faskare kusa da murhun ƙarfe, ga ashana, ga kyandir, ga barguna a naɗe. A ɗan ɗakin ajiya kuma abinci ne jere a kanta: gwangwanaye, garin miya, busasshen burodi, shayi. Ka ɗauki abin da kake so, ka lissafa da kanka, ka biya. Ba wanda ya tsaya a kanka. Wallahi na daɗe a tsaye a ɗakin nan ina duban kantar.

Na bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ina neman kalmar svin, wato alade, har na tsaya a kan kifi mai tumatir. Ruwa kuwa sai an ɗebo dusar ƙanƙara a bokiti an narkar a murhu, bokiti cike ya dawo ɗan kaɗan. Da shi na yi alwala, na haɗa magariba da isha'i, itace na ƙara a wuta.

Wajen ƙarfe tara aka buɗe ƙofa, wasu tsofaffi biyu, mata da miji, suka shigo girarsu duk ƙanƙara. Nan take aka matsa musu kusa da wuta, aka ɗora buta. A waɗannan bukkoki ba a mayar da baƙo waje, ko da katifa za a shimfiɗa masa a ƙasa. Sai zauren marigayi kakanka ya faɗo mini a rai, yadda matafiyi ke sauka ba a tambaye shi daga ina ba sai ya ci ya sha.

Da safe muka share, muka wanke tukwane, na faskara itace na jera wa masu zuwa bayanmu, sannan muka rufe muka kama hanya.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina neman addu'a, jarrabawa ta matso. In ka samu mai tahowa, a aiko mini da yaji da kuka.

Naka har kullum,
Amininka na Bergen