Zuwa ga Bintalo, daga Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum, Bintalo.

Na san kin cika kin yi fam. Wata huɗu shiru, ko barka da Sallah ban yi miki ba. Ajiye fushin tukuna, tambaya gare ni, amma bari ki fara jin abin da ya same ni.

Talatar da ta wuce Ummi ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. Ummi fa, 'yarki, wadda kike cewa ta kusa fin ƙarfin zanena. Muka garzaya asibiti, nas ta ja fatar idonta ƙasa, ta ɗago ta kalle ni. Ciki fari fat. Aka ɗebi jini, awo ya nuna 9, alhali budurwa kamarta bai kamata ta gaza 12 ba. Ƙarancin jini, a gidan da firji ba ya rabuwa da nama! Wallahi kunya ta fi tsoro kama ni.

Da aka titsiye ta sai gaskiya ta fito. Da safe shayi da burodi, da rana Indomie, da dare biskit da lemon kwalba. Miyar kuka wai ta tsofaffi ce, hanta kuwa ko warinta ba ta so. Ga al'ada tana zuba mata da yawa, ta ɓoye mini. Nas ta ce shayin nan da ake korawa da shi bayan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda shi ke gina jini, gara lemon zaƙi ko gwaba. Na ce to bari in sayo katan ɗin Maltina da madara. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sukari kawai zan ɗura mata.

A layin awo muka haɗu da Hansai, 'yar mai kwaɗon nan ta bakin lungunmu. Nata jinin ya fi na Ummi ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro sau uku a daminar nan, ga tsutsar ciki, nama sai Babbar Sallah. Har farar ƙasa take ci, wai shi ma alama ce. Zogalen da nas take ta yi mana wa'azinsa, shi Hansai ke ɗauka a ka kullum tana talla, amma na sayarwa ne, ba na ci ba. Da aka rubuta mana magani ni na miƙa kuɗi ko a jikina, uwarta kuwa ta koma gefe tana kwance bakin zane. Na biya mata, amma wata mai zuwa fa? Nas ɗin ta ce binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 a Nijeriya suna fama da ƙarancin jini.

Af, kin ji Turai ta aurar da autarta? An kai amarya Daura, motarmu ta mace a Mashi, muka isa an gama rabon alkaki. Mutumin naki ya zo, ya yi tumbi, har ya tambaye ki. Ban ce komai ba.

Yanzu dai Ummi na shan ƙwayar ƙarin jini. Jiya ta fito daga banɗaki a guje tana kuka wai bayan gidanta ya yi baƙi, na ce maganin ne. Kullum da yamma ina sayen kwaɗon Hansai kwano biyu, in zaunar da su su ci a gabana, Ummi tana yatsina, Hansai tana mata dariya.

Ki gaida Baban Khalifa da yara. Ki kira ni bayan Isha'i, kafin nan wataƙila na tuna tambayar.

Taki,
Maman Ummi