A Tuna da Gidan Rose Seidler Ma

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku kan gine-ginen tarihin Ostiraliya, kuma kun yi ƙoƙari. Sai dai babban ɗakin wasannin Opera na Sidni ya cinye kusan duk lokacin, kamar shi kaɗai ne abin kallo a birnin. Akwai wani ɗan gida a unguwar Wahroonga, arewacin Sidni, da ya cancanci ku ba shi ko da minti biyar ne.

Gidan Rose Seidler ake ce masa. Mai zanen gine-gine Harry Seidler ne ya zana shi domin iyayensa, Rose da Max, Yahudawan Biyana, babban birnin Austria a Turai, da suka tsere wa 'yan Nazi. Uwar ce ta jawo ɗanta Ostiraliya a 1948 don ya gina musu gida. Shekararsa 25 a lokacin, ya yi karatu a jami'ar Harvard a hannun Walter Gropius, ya kuma yi aiki da Marcel Breuer a New York, dukansu biyu fitattun masu zanen gine-ginen zamani. An gama ginin a 1950, ya ci lambar yabo ta Sulman ta 1951, wadda ake bayarwa kan zanen gine-gine.

A zamanin, gidajen bulo masu tsinin rufi aka saba gani. Shi kuwa ya zo da rufi shimfiɗaɗɗe, bango mai yawan gilashi, da wata gangara da ake bi daga baranda a sauka lambu. Murhun dutse yana tsaye a tsakiyar falo, ka zagaya shi ta ko'ina. A bangon barandar akwai zane mai launuka masu kaifi, Harry da kansa ya yi shi. Jama'a suka riƙa zuwa suna leƙe ta tagogi, tsofaffin nan ba su samu sakat ba.

Abin da nake so ku fito da shi shi ne dajin. Gidan yana bakin gandun dajin Ku-ring-gai Chase, kuma don itatuwan turaren da ke kewaye aka sa wannan gilashin duka. A sare su a jera benaye, sai mai zama a falo ya tashi yana kallon katangar maƙwabci, rabin darajar gidan ta tafi ko da ba a taɓa dutse ɗaya ba. Na san zama kusa da irin wannan daji akwai fargabar gobara idan zafi ya tsananta wajen Disamba da Janairu. Maganinta share busasshen ganye da sa ido, ba aske dajin ba.

A 1988 Harry ya miƙa gidan ga hukumar kula da gidajen tarihi ta jihar New South Wales. Yau gidan tarihi ne, kujerun da masu zanen kayan ɗaki Charles da Ray Eames suka ƙirƙira da kayan kicin na wancan zamani suna nan inda suke. Masu ganin sai gini ya shekara ɗari biyar ake ce masa gadon tarihi, ya kamata su ji wannan.

Don Allah idan za ku sake shiri kan Ostiraliya, ku sa shi a ciki.

Na gode.

Mai sauraronku daga Sidni