Binciken ruwa mai kauri a sararin samaniya ya shafe mu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ku riƙa kawo mana labarin binciken da akeyi a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai shawagi wajen kilomita 400 a samanmu. Kowa yasan in aka ajiye gasara sai ta kwanta ruwa ya taso, to can abu baya jin nauyi balle ya kwanta, shiyasa masana ke kai kumfa da gaurayen mai da ruwa suga yadda ƙwayoyinsu ke haɗuwa, ilimin da ke taimakawa wajen haɗa maganin ruwa da baya saurin rabuwa. Mu da magani ke daɗewa a kemis ɗin ƙauye wallahi ya shafe mu. Don Allah hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, wato NASRDA, ta jawo ɗalibanmu ciki mana.

Naku, mai karatu daga wani ƙauyen Ringim, Jigawa.