Kafin ku naɗe tabarmar takarda, ku gina rumbu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, tun shafin yana nan.

Mai kawo mana jarida a unguwarmu ya daina zuwa tun kafin azumin bara. Da na haɗu da shi a tasha, sai na tarar ya kafa tebur yana sayar da caja da robar waya. Ya ce mini, Malam, masu tsayawa su karanta kanun labarai kyauta ma sun gudu, balle masu saye. Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga naku ba. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ta daɗe da tsayawa, takarda daga waje ake shigo da ita da dala, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Ga dizal na injin ɗab'i, ga kuɗin motar da za ta kai jarida Gusau ko Nguru kafin labarin ya tsufa. Masu talla kuwa sun bi jama'a zuwa Facebook.

Ni kaina a waya nake karanta ku yanzu. Jikata ce ta ƙara mini girman rubutun, har na huta da neman tabarau. Ƙanena da ke Kumasi, wanda a da sai wani ya je da jarida a jaka yake ganin ta bayan wata guda, yanzu tare muke karantawa da safe, mu yi musu da yamma. Saboda haka ba kukan takarda na zo yi ba.

Abin da ya sa na rubuto daban ne. A cikin adakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, akwai ɗaurin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Sun yi ja, gara ta ɗanɗani gefen wasu, amma suna karantuwa. Akwai ta lokacin canjin hannun tuƙin mota a 1972, da ta canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, da ta makon da aka kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976. Sa'ad da nake koyarwa nakan ɗauki ɗaya in kai aji, yara su taɓa da hannunsu. Abin da aka buga a ranar, shi ne a wurin har gobe. Babu wanda ya isa ya shigo adakar da dare ya sauya jimla.

To, kwanakin baya muka tashi rubuta takardar koke a kan wata gada da aka yi wa ƙauyenmu alkawari. Na tuna sarai wani shafin labarai na Hausa ya kawo maganar, da sunan jami'in da ya yi alkawarin da kuɗin da ya ambata. Na ma adana adireshin labarin a WhatsApp. Da na latsa, sai fari fat, wai babu shafin. Shekara uku kacal! Jaridar da ta haura shekara hamsin tana hannuna, labarin shekaranjiya ya bi iska. Haka muka rubuta koken da "an ce", kuma ka san matsayin "an ce" a gaban hukuma.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ci mini rai. Sau biyu ina karanta labari da safe a wani shafi, in dawo da dare in tarar adadin ya canza, ko an cire sunan wani babba, ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. A zamanin takarda, in edita ya yi kuskure, dole mako mai zuwa ya buga gyara a fili, kowa ya gani. Kunyar nan tana da amfani, ita ke sa mutum ya auna kafin ya yanka.

Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa masu ɗab'i su ajiye kwafin abin da suka buga, kuma har yau ɗalibai na zuwa Kaduna, Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, suna buɗe tsofaffin jaridu. Wanda zai yi bincike a kan zamaninmu nan da shekara arba'in, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, kada ku goge labarin da kuka riga kuka wallafa. In kun gyara, ku rubuta a ƙasa cewa an gyara, da ranar, da abin da aka gyara. Sannan ko da kun daina kai jarida kasuwa, ku riƙa buga 'yan kwafi kuna ɗinkewa duk ƙarshen shekara, ku aika wa laburaren jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello. Tsofaffin fitowarku ma a ɗauki hotonsu a ɗora, ko da kuɗi za a riƙa shiga, ni zan biya.

Af, tun da na samu fili: ku ja kunnen yaran da ke ɗora muku labarai su riƙa sanya ƙugiya a haruffa. Rannan sai da na karanta kanu sau uku kafin na gane ko ɓarawon ya kasa ne ko yana ƙasa.

Na gode. A gaida ma'aikata.

Mai karatunku,
wani tsohon malamin firamare, daga Funtuwa