A Ba Jaruma Mai Furfura Wuri a Shafin Adabi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili domin in yi tsokaci kan wani ƙagaggen labari da na karanta kwanan nan, na wata mace da ta haura shekara 60, aurenta ya mutu, ta shiga gina sabuwar rayuwa ba tare da marubucin ya mai da ita abar tausayi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda barkwancin littafin bai ɓoye raɗaɗin rabuwa ba. Watanni bayan sakin, tana kwana a gefe guda na gado, ta bar ɗaya gefen a gyare kamar mai jiran baƙo. Da ta fara koyon tuƙi kuwa, mota ta mace mata sau uku a mararraba, 'ya'yanta suna yi mata faɗa tamkar su ne suka haife ta. Na yi dariya, amma idanuna sun cika da ƙwalla, domin na ga irin wannan kaɗaicin a tare da mahaifiyata.

Galibin labaran soyayya a kan matasa suke, shi ya sa nake fatan shafinku na adabi zai riƙa nazarin irin wannan littafi.

Naka,
Mai karanta jaridarku