Wasiƙa daga Manchesta: yadda na fara ba masu gidaje shawara

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da mutanen Zariya baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda aka yi safiyon gine-gine kamata ya koma mai amsa tambayoyin jama'a kan gyaran gida, to ga amsar dalla-dalla.

Bayan na samu rajista da ƙungiyar safiyoyi ta RICS, wadda aka kafa a Landan a 1868, na kama aiki a sashen gidaje na wata ƙaramar hukuma a nan Ingila, inda nake duba gidajen hayarta ina rubuta abin da ya lalace. A unguwannin da nake zagayawa akwai gidajen da suka fita daga hannun hukuma, domin dokar gidaje ta 1980 ta ba 'yan haya damar sayen gidan da suke ciki a farashi mai rahusa, kuma da zarar mutum ya saya, gyara ya koma wuyansa. Waɗannan mutane su ne suka fara tare ni a bakin ƙofa, daga baya kuma 'yan uwa suka riƙa tsayar da ni bayan sallar Juma'a, kusan kowa da ƙorafi iri ɗaya: bango ya jiƙe, fumfuna ta yi baƙi a kusurwar ɗaki, ga takardar ɗan kwangila mai kuɗi masu nauyi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda takardun suke kama da juna. Ɗan kwangila zai zo dubawa kyauta, ya ɗora ƙaramar na'urar awon danshi a bango, ya ce ruwa ne ke hawowa daga ƙasa, sai an huda bulo an ɗura magani an sake filasta. Alhali na'urar nan don katako aka daidaita ta, kuma gishirin da ke cikin tsohuwar filasta yana iya sa ta nuna danshi ko da bangon a bushe yake. Ban ce ruwa ba ya hawowa daga ƙasa ba, amma a mafi yawan gidajen da na shiga, dalilin bai kai haka tsada ba. Wani indararonsa ne ya toshe da ganye, ruwan sama na kwarara a jikin bango. Wani ya cika tsakar gida da siminti har ya rufe shimfiɗar da ke tare danshi a gindin bango, wadda ya kamata ta kasance milimita 150 sama da doron ƙasa. Mafi yawa kuwa tururin girki da wanka da shanyar tufafi ne ke sauka a bango mai sanyi ya koma ruwa, saboda an rufe tagogi ruf don tsoron kuɗin ɗumama ɗaki.

Tsofaffin gidajen jan bulo na wannan yanki, waɗanda aka gina kafin 1919, galibi bangonsu ba shi da rata a tsakiya, kuma da farar ƙasa aka haɗa bulon, don haka yana shan ruwa yana kuma fitar da shi. Idan aka shafe shi da siminti, ruwan sai ya rasa mafita. Kai da ka tashi a gidan ƙasa ka san wannan, domin ka ga abin da ke faruwa idan aka bar yaɓen shekara-shekara aka liƙa wa katangar ƙasa siminti.

Da tambayoyi suka yi yawa, sai masu kula da ɗakin taro na unguwa suka ba ni teburi da yammacin Asabar, mutane na zuwa da hotunan bangonsu a waya. Daga nan wani gidan rediyon al'umma ya gayyace ni in riƙa amsa masu kira. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina tun farko, wato ba zan sayar da magani ba, ba zan tura kowa wurin wani kamfani ba, domin a ganina duk wanda zai ci riba daga gyaran bai kamata ya zama mai faɗin ciwon ba.

Aikin ya ƙara nauyi bayan rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, a Rochdale da ke kusa da mu a Disambar 2020. Bincike ya tabbatar a 2022 cewa fumfunar gidan da iyayensa ke haya ce ta yi sanadi, kuma a 2023 aka yi doka da sunansa da ta tilasta wa masu gidajen haya na jama'a, irin na ƙananan hukumomi, gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Tun daga lokacin 'yan haya ne suka fi kirana, suna neman sanin yadda za su rubuta ƙorafi da hujja.

Game da katangar gidanka da ka ambata, ka turo mini hoton gindinta da na bakin indararo kafin damina ta sauka, kada kuma ka yarda a shafa siminti tukuna. Ka gaishe mini da Baba da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini