Zuwa ga 'yata, game da shirya taron addu'ar Zumuntar Mata

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Labari ya iso ni cewa an ɗora miki nauyin shirya sujada da taron addu'a na matan da ke tallafa wa aikin bishara a ikilisiyarku. Na gode wa Allah ƙwarai. Allah ya taya ki riƙo.

Kada ki fara da neman mai jawabi ko zaɓen waƙoƙi. Fara da nassi, sauran su biyo bayansa. Mu 'yan Lutheran ba ma rasa abin karantawa, tunda kalandar ikilisiya ta riga ta tsara mana shekara. Lokacin Bayyanuwa, wanda ke farawa ran 6 ga Janairu, ana karanta labarin masanan da suka zo daga gabas a Matiyu 2, baƙi ne daga wata al'umma suka zo suka yi wa Almasihu sujada. Wane lokaci ya fi wannan dacewa da maganar bishara? Haka ma Fentikos, ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki. Ki ɗauki ayoyi kaɗan, a karanta sau biyu, a hankali.

Abin da na fi so ki koya wa matan shi ne yadda za su mai da ayar addu'a. A 1535 Martin Luther ya rubuta wa wanzaminsa, Peter, 'yar gajeriyar wasiƙa kan yadda ake addu'a. Ya ce a ɗauki magana ɗaya daga Dokoki Goma ko Shaidar Bangaskiya a bi ta hanya huɗu: me take koya mini, me zan gode wa Allah dominsa, wane zunubi zan furta, me zan roƙa. Ya kuma tuna masa cewa wanzamin kirki ba ya ɗauke ido daga aska, in hankalinsa ya tafi hira sai ya yanki mutum. Ki gwada hanyar nan da "Mulkinka ya zo", roƙon nan na cikin Addu'ar Ubangiji. Mace ɗaya ta faɗi abin da Katekism, wato littafin koyarwar bangaskiya na Luther, ya koyar, cewa mulkin Allah yana zuwa ko ba mu roƙa ba, amma muna roƙo ya zo gare mu mu ma. Wata ta gode saboda waɗanda suka kawo mana Maganar Allah. Wata ta furta sanyin jikinmu wajen gaya wa maƙwabta. Ta huɗu ta roƙa wa masu bishara. Kin ga mata huɗu sun buɗe baki ke nan, ba mutum ɗaya ta kwashe rabin sa'a tana addu'a saura na gyangyaɗi ba.

Roƙon kuma ya zama da suna. "Ubangiji ka albarkaci aikin bishara a ko'ina" ba laifi ba ne, amma ba ya kama zuciya. Ki nemi labarin masu bisharar da kuke tallafawa, ki rubuta kowane da damuwarsa a 'yar takarda: wannan matarsa ba lafiya, wancan yana koyon yaren mutanen da yake cikinsu. A raba takardun, kowace ta tafi da tata gida har taro na gaba. Wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata ta haddace. Sau da yawa irinsu ne suka fi riƙe alkawarin.

Ki yi hattara da sanarwa da lissafin kuɗi, domin su ne ke cinye lokacin addu'a. A bar su sai ƙarshe. Baiko kuwa sujada ne, a yi shi da waƙa. Ƙungiyar matan Lutheran masu aikin bishara da aka kafa a Amurka a 1942 tana tara kuɗinta ne ta 'yan akwatunan da kowace mace ke jefa canji a gida, don tunawa da gwauruwar nan mai anini biyu ta Markus 12. Saboda haka kada a kira adadin abin da kowace ta bayar, kada mai ƙaramin ƙarfi ta ji kunya ta daina zuwa. Amma ma'aji ta faɗi jimilla da inda kuɗin ya tafi, dalla-dalla.

Ki nuna wa Fasto tsarinki tun da wuri. Ki kuma sa Juma'ar farko ta watan Maris a lissafi, Ranar Addu'a ta Duniya, wadda mata na ɗarikoki daban-daban ke haɗuwa a cikinta. In kun ce sa'a ɗaya, ta zama sa'a ɗaya, don akwai masu goyo da masu aiki. Idan da yamma ne, ku rufe da addu'ar maraice ta Ƙaramin Katekism na 1529, kowa da kowa baki ɗaya.

Ki aiko mini da sunayen masu bisharar naku, ni ma in riƙa sa su a addu'a. Ki gaida maigidanki da jikokina.

Mahaifiyarki